Yadda Za Ka Zaɓi Ƙotar Direba Daidai da Saurin Bugunka

Yawancin masu wasan golf a nan Katsina ba zaɓen ƙotar direbansu suka yi ba, gadonta suka yi. Direba shi ne sandar da ake bugun farko mai nisa da ita. Wani ɗan'uwa ne ya sauke masa jaka daga Ingila, wani a gwanjo ya samo tasa a Kano ko Kaduna, wani kuma babban yaya ne a kulob ya sayi sabuwa ya miƙo masa tsohuwar. Duk wanda ya ɗauki sandar, kan yake fara dubawa: TaylorMade ne ko Callaway, lof ɗinsa, wato yawan kallon saman fuskarsa, digiri nawa. Ƙotar kuwa, wato dogon bututun girafait da ya haɗa mariƙi da kai, harafin da ke jikinta kawai ake kallo, in S ne, wato mai tauri, a ji daɗi. Alhali ita ce ke kawo kan sanda wurin ƙwallo, ita ce ke sa fuskar ta iso a miƙe ko a karkace. Mutum zai shekara yana gyara tsayuwarsa da riƙonsa, matsalar kuwa tana hannunsa, ƙota ce da aka ƙera don wani mai ƙarfin da ba nasa ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin filin folo na Katsina ya ga yadda mahaya ke gwada sandunansu kafin su hau: a riƙe gorar a kaɗa ta a iska, wannan ya ce ta yi masa laushi, wancan ya ce ita yake so. Babu wanda ya fi wani don tasa ta fi tauri, kowa da irin hannunsa. Ƙotar direba ma haka take. Lokacin da ka kai sanda ƙarshen ɗagawa ka juyo da ita ƙasa, nauyin kan yana tsayawa a baya, ƙotar ta lanƙwashe. Kafin ta iso ƙwallo sai ta warware, kan ya ɗan riga hannu, fuskar ta ƙara kallon sama kuma ta ɗan rufe. Duk wannan cikin abin da bai kai sulusin daƙiƙa ba. Idan lanƙwasawa da warwarewar sun zo daidai da saurinka da yadda kake juyowa, za ka riƙa samun tsakiyar fuska ba tare da ka yi kokawa da sandar ba.

Haruffan da ma'aunin gudu

Haruffa biyar ne aka saba gani, daga mai laushi zuwa mai tauri: L, A, R, S, X. Wasu kamfanonin suna rubuta M ko Lite a madadin A. Gudun da ake magana a kai shi ne na kan sanda a daidai lokacin da ya taɓa ƙwallo, kuma da mil a awa aka fi lissafa shi a duniyar golf, har a wasu ƙasashen da ke aiki da kilomita. Rabon da masu daidaita sanduna suka fi farawa da shi shi ne: ƙasa da mil 72 a awa, L, daga 72 zuwa 83, A, daga 84 zuwa 96, R, daga 97 zuwa 104, S, daga 105 zuwa sama, X. Idan na'urarka da kilomita take nunawa, iyakokin sun kama wajen 116, 135, 156 da 169.

Don ka san inda kake a cikin jama'a: matsakaicin gudun ƙwararrun maza a gasar PGA ta Amurka yana tsakanin mil 113 zuwa 115, na ƙwararrun mata a LPGA wajen 94 zuwa 96, na namiji mai wasan sha'awa kuwa wajen 93. Wato yawancin mazan da ke zuwa fili ranar Asabar, gidansu R ne, kuma da yawa daga waɗanda suka haura shekara sittin A ce za ta fi yi musu aiki. Babu abin kunya a ciki. Harafin L ma ba na mata kaɗai ba ne, na gudu ne: yaron da ya fara tasowa ko dattijon da kafaɗa ta fara ciwo zai iya samun sauƙi da ita, kamar yadda mace mai gudun mil 90 ba ta da abin yi da L.

Auna gudunka, kada ka ƙiyasta

Hanya mafi inganci ita ce na'urar rada. Manya irin su TrackMan suna da tsada ƙwarai, amma akwai ƙanana da ke shiga aljihun jaka, irin su PRGR, Swing Speed Radar, FlightScope Mevo da Garmin Approach R10. Mutum huɗu ko biyar a kulob za su iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya, ta wadatar da kowa. Idan gasa ta kai ka Kaduna, Kano ko filin IBB na Abuja, tambayi ƙwararren kulob ɗin ko akwai mai ita. Ka fara ɗumama jiki da ƙananan sanduna na minti 10, sannan ka buga 12 da direba, irin bugun da kake yi a rami na bakwai ko na takwas, ba irin wanda ake yi don a burge masu kallo ba. Ka zubar da biyu mafi sauri da biyu mafi sanyi, ka ɗauki matsakaicin takwas ɗin da suka rage. Wannan ne gudunka. Lambar da ka samu sau ɗaya da ka ciji leɓe har takalmi ya zame, ba ita za ka saya wa ƙota ba.

Idan babu na'ura, nisan da ƙwallo ta yi a sama kafin ta taɓa ƙasa zai ba ka amsa ta kusa. A nan ne 'yan wasanmu suka fi ruɗuwa, kuma filinmu ne ke ruɗar su. Daga Nuwamba zuwa Mayu ƙasar Katsina da Daura ta bushe ƙamas, ƙwallo ta faɗi ta yi tsalle ta gangara yadi 40, 50, wani lokaci fiye. Mutum ya je ya tarar da ita a yadi 250, ya ce ai shi mai bugun 250 ne, ya je ya nemo S ko X. Wannan gangarawar aikin ƙasa ce, ba ta hannunsa ba.

Ga yadda za a yi. Ka sa kadi, wato mai ɗaukar maka jaka, ya tsaya gefe, nesa da layin bugu, bayan bishiya in akwai, ya lura da inda ƙura ta fara tashi, ya ajiye alama a wurin: dutse, ti (ɗan tsinken da ake ɗora ƙwallo a kai), ko murfin gora. Ku auna daga inda ka buga zuwa kowace alama da na'urar auna nisa, ko manhajar GPS ta waya, ko tef ɗin magina. In tef ɗin na mita ne, mita 91 da ɗan ɗoriya su ne yadi 100. Ka yi amfani da irin ƙwallon da kake wasa da ita, domin tsofaffin ƙwallayen atisaye da ramukansu suka goge ba sa tashi yadda ya kamata. In lokacin hunturu ne iska na kaɗowa daga arewa maso gabas, ka buga rabi tana bayanka, rabi kana fuskantarta, ko ka bari sai safiyar da ta lafa. Sai ka raba matsakaicin nisan da 2.3. Misali, wanda matsakaicinsa ya fito yadi 203, gudunsa na wajen mil 88, R ke nan ba tantama. Da ya yi lissafin da 250 ɗin da ya haɗa da gangarawa, da ya samu kusan 109, ya sayo X da ba zai iya lanƙwasa ta ba. A taƙaice: ƙasa da yadi 165 a sama, L, zuwa 195, A, zuwa 220, R, zuwa 240, S, sama da haka, X. Ka kuma rage yadi kaɗan daga lissafin, domin Katsina tana kusan mita 500 sama da teku, ga zafi, iska ba ta da kauri kamar ta Legas, ƙwallo na ƙara tafiya da wajen kashi 2 cikin 100 saboda tudun kaɗai.

Wannan lissafin yana da sharaɗi ɗaya: sai in kana samun tsakiyar fuska. Mai gudun mil 100 da ke bugawa da gefen kai zai iya fitar da ƙwallo da gudun mil 135, daidai da mai mil 93 da ke samun tsakiya. Nisansu ɗaya, ƙotarsu ba ɗaya ba. Don haka kafin ka yarda da lissafin, ka barbaɗa hoda a fuskar direba, ko ka shafe ta da alƙalamin farin allo, ka buga biyar ka ga inda tabon ƙwallo ke fitowa. In tabban sun warwatsu daga dunduniya (gefen fuska na wajen ƙota) zuwa baki (ɗaya gefen na nesa), gudunka ya fi abin da nisan ya nuna, kuma akwai yiwuwar tsawon sandar ne matsalarka kafin taurinta.

Juyowar hannu

Mutum biyu za su iya samun mil 96 cif, ɗaya R ta dace da shi, ɗayan S. Bambancin yana wurin juyowa daga sama. Akwai mai ɗaga sanda a natse, ya ɗan dakata, ya sauko da ita tana ƙara gudu sannu a hankali, irin bugun Ernie Els ko Fred Couples. Akwai mai fizgo ta tun ba ta gama hawa ba, ɗagawarsa gajeriya, irin ta Jon Rahm. Mai fizga yana ɗora wa ƙota nauyi lokaci guda, don haka yana bukatar wadda ta fi tauri ko ta fi nauyi. Mai natsuwa kuwa in ka ba shi mai tauri, ba zai ji inda kan sanda yake ba. Ka sa a ɗauke ka da waya a hoton da ke tafiya a hankali, daga gabanka, ka kalli abin da ke faruwa a saman. In gudunka ya faɗo kan iyaka, tsakanin 94 da 99 misali, wannan ne zai raba gardama: mai fizga ya hau S, mai natsuwa ya zauna a R. In har yanzu kana shakka, ra'ayina shi ne ka ɗauki mai laushin. Ka tuna da rami na 14 a watan Afrilu, rana ta take, ƙafa ta yi nauyi, gudunka ya ragu da mil uku ko huɗu. Ƙotar da za ta yi maka aiki a lokacin ita ce taka.

Alamomin ƙota ta yi maka tauri su ne, ga mai bugu da dama: ƙwallo na tafiya ƙasa-ƙasa ta faɗi da wuri, tana yawan zamewa dama, bugun na jin bushewa a hannu ko da an samu tsakiya, kuma kana jin sai ka ƙara ƙarfi kafin sandar ta amsa. In ta yi maka laushi: ƙwallo na hawa sama ta tsaya wa iska ta sauko ba gangarawa, yau hagu gobe dama, kuma kana jin kan yana lilo a baya, kana jiran sa. Ga bahago a juya hagu da daman. Amma kada a ɗora wa ƙota laifin da ba nata ba. Ƙwallon da ke tashi ta yi baka mai faɗi zuwa dama har ta bar fili, yawanci fuska ce a buɗe da kuma sandar da ke yanko ƙwallo daga waje zuwa ciki. Ƙota mai laushi za ta rage abin kaɗan, ba za ta kashe shi ba, wannan aikin malamin wasa ne. Haka bugun dunduniya yana karkata ƙwallo dama, bugun baki yana karkata ta hagu, ko wace ƙota ce.

Harafi ba ma'auni ba ne

Babu wata hukuma da ta ƙayyade abin da S ke nufi. R&A da USGA, masu tsara dokokin wasan, sun ƙayyade girman kai, kada ya wuce cc 460, da tsawon sanda, kada ya wuce inci 48, amma tauri kowane kamfani da nasa ma'aunin. S ta wani kamfani za ta iya zama R ta wani. Wannan ya fi shafar mu masu sayen gwanjo. Sandunan da aka yi don kasuwar Japan yawanci sun fi na Amurka laushi da rashin nauyi a harafi ɗaya, kuma a jikinsu za ka ga SR, wadda ke tsakanin R da S. Mai ƙera ƙota Project X da lamba yake rubuta nasa: 5.5 kusan R, 6.0 kusan S, 6.5 kusan X. Rubutu irin 6-S a jikin ƙotar Fujikura Ventus yana nufin nauyin giram 60 da wani abu, tauri S. Har a suna ɗaya akwai bambanci: Ventus da ke zuwa a jikin sabon direba daga kamfani ba lallai ta zama ɗaya da mai tambarin VeloCore da ake saya daban ba. Ga kuma jabu, wadda fentinta ya yi kama da na gaske, cikinta kuwa Allah kaɗai ya sani.

Masu shago a ƙasashen waje suna auna tauri da injin da ke ƙirga kaɗawar ƙota a minti ɗaya, inda direban R ke kamawa wajen 240 zuwa 250, kuma kusan 10 ke tsakanin harafi da harafi. A gida za ka iya kwatanta ƙota biyu ba tare da injin ba. Ka kwantar da sandar a kan teburi mai ƙarfi, inci 5 na mariƙi a kan teburin, sauran a iska. Ka matse wurin da katako da matsi, ko wani ya danne shi da ƙarfi. Ka kafa rula a tsaye kusa da wuyan kai, ka rubuta inda yake. Sai ka sa ledar fiya wata biyu a cikin baƙar leda, kowace santilita 50, nauyinsu kilo ɗaya ke nan, ka rataya a wuyan, ka jira lilon ya tsaya, ka rubuta santimita nawa ya sauka. Ka maimaita da ɗaya sandar, nisa ɗaya daga bakin teburi zuwa inda ka rataya. Wadda ta fi sauka ta fi laushi, ko me aka rubuta a jikinta. Sau da yawa za ka tarar S biyu sun bambanta sosai, ko R ta fi wata S tauri.

Nauyi, murɗawa da tsawo

Da za a bi ta tawa, da nauyi za a fara tambaya kafin harafi, domin shi hannu ya fi ji. Ƙotocin direba suna kamawa daga giram 40 zuwa 80. Mai gudu ƙasa da mil 85 ya nemi 40 zuwa 55, mai 85 zuwa 100 ya nemi 55 zuwa 65, wanda ya haura haka 60 zuwa 75. Mara nauyi tana ƙara gudu kaɗan, amma ga mai fizga tana sa hannu ya riga jiki. Mai nauyi tana natsar da bugu, amma tana gajiyarwa a ramukan ƙarshe. Mutumin da R mai giram 50 ke yi masa lilo, sau da yawa maganinsa R mai giram 62 ce, ba S ba. Kana iya ɗora ƙotar a sikelin masu zinariya ko na kicin, ka cire wajen giram 50 na mariƙi da 7 zuwa 10 na adafta, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa ƙota da kai. In abin da ya rage ya yi nisa da rubutun jikinta, ka yi shakkar ta.

Lambar murɗawa, wadda ake rubutawa da digiri daga wajen 2.5 zuwa 6, tana nuna yadda ƙota ke juyawa a kan kanta. Ƙarama ta fi dacewa da mai sauri, babba ta fi daɗi a hannun mai sanyi. Sai wurin lanƙwasa: mai laushin baki, wato ƙarshen ƙotar da ke shiga kai, tana ɗaga ƙwallo, mai taurin baki tana kwantar da ita. A filinmu na rani ana sha'awar ƙwallo mai tafiya ƙasa saboda gangarawa, amma damina na zuwa, daga Yuni zuwa Satumba ƙasa ta yi laushi ciyawa ta fito, gangarawar ta ɓace. Matsakaiciya ta fi riƙe mutum shekara. Kuma in ƙwallonka ba ta tashi, ka fara duba lof: mai gudun mil 85 da ke riƙe da digiri 9 ya koma 10.5 ko 12 kafin ya kashe kuɗi a ƙota.

Tsawo kuwa, sababbin direbobi suna zuwa da inci 45 da rabi ko kusa da 46, alhali ƙwararru da yawa suna wasa da 44 da rabi zuwa 45. Tun Janairun 2022 ma akwai dokar da ta ba masu shirya manyan gasa damar tsayar da shi a inci 46. Kafin ka yanke komai, ka naɗa salatif inci ɗaya ƙasa da ƙarshen mariƙi, ka riƙe daga nan, ka sake gwajin hoda. In tabban sun taru a tsakiya, yankan zai amfane ka.

Canzawa da yankewa

In direbanka mai ƙusa ne a ƙasan kai, aikin minti biyu ne: ka kwance da makullinsa, ka zare, ka sa wata, ka ɗaure har makullin ya yi ƙara sau ɗaya, kada ka ƙara. Sai dai adafta ba ta shiga kan wani kamfani: ta Ping ba ta shiga Titleist, ta Callaway ba ta shiga TaylorMade. Wannan ne ya sa hanya mafi araha ta gwaji ita ce ka nemi abokin wasa mai irin kanka ku yi musanyar ƙota na yini ɗaya, kai ɗaya, ƙwallo ɗaya, goma da wannan goma da waccan. Doka ba ta yarda a kwance ko a canza saitin sanda ana tsakiyar zagaye ba, a yi kafin a fara.

In ƙotar manne take a kai, sai a yi hattara. Ana zafafa wuyan da na'urar hura zafi har gam ya saki, sannan a ture kan a miƙe da abin cire ƙota. Kada a murɗa. Girafait zare-zare ne da aka naɗe aka manne, in ya yi zafi aka murɗa shi zaren ciki ya rabu, waje lafiya lau, sai ranar da kan ya tashi ya bi ƙwallo. Kada kuma a kai wa mai walda ya sa mata wuta, zai ƙone fenti da bakin ƙotar. Ka tabbatar kaurin bakin ƙota ya yi daidai da ramin wuyan kai: yawancin direbobi inci 0.335 ne, wasu tsofaffi 0.350. A goge tsohon gam daga ramin, a kankare fentin bakin ƙota da samfefa mai laushi daidai zurfin da zai shiga, inci ɗaya zuwa ɗaya da kwata, fenti kawai ba zaren ba. A zura zoben roba, a kwaɓa gam mai haɗi biyu, irin mai bushewa a awa 24, rabi da rabi daidai. Mai minti biyar bai kai shi ƙarfi ba, kuma a zafinmu yana daskarewa tun ba ka gama saitawa ba. Sufa gulu kuwa ba ya jure duka, kada a kusance shi. A shafa a ciki da waje, a tura ana ɗan juyawa har ta taɓa ƙasa, a goge wanda ya fito, a jingine sandar kai a ƙasa a inuwa, a bar ta kwana ɗaya cur.

Rage tsawo daga wajen mariƙi ake yi. A cire mariƙin da wuƙa mai ƙugiya don kada a ji wa girafait, a naɗa salatif na takarda sau biyu a inda za a yanke don kada ya tsage, a yanka da zarto mai ƙananan haƙora ana juya ƙotar, ba da abin yankan bututun famfo ba, shi murƙushe ta yake yi. A rufe hanci, ƙurar ba ta da kyau. Yanka daga baki wani abu ne daban: yana ƙara tauri, rabin inci ma ana jin sa, kuma ba ya gyaruwa. Yawancin kamfanoni sun ce kada a taɓa bakin ƙotar direba, sai mai sauri ƙwarai da ya san abin da yake nema.

Bayan yanka kan zai ji sakayau a hannu. Kowane rabin inci yana rage ma'aunin nauyin lilo, wato yadda hannu ke jin nauyin kai, da maki 3, kowane giram 2 a kai yana maido da maki 1, wato inci ɗaya na bukatar wajen giram 12 in ana son a koma yadda ake. Ba dole ne a maido duka ba. Ka fara da giram 6 na tef ɗin dalma a ƙasan kai, ko ka canza ƙusar nauyi in kan yana da ita, ka buga, ka ƙara biyu-biyu har ka ji kan ya dawo. Ka sani ƙarin nauyi a kai yana ɗan sassauta ƙotar, kuma ka wanke hannu bayan taɓa dalma.

Kafin ka biya kuɗin ƙotar gwanjo, ka duba inci biyar na sama da wuya a cikin haske, da wurin da bakin jaka ke gogarta. Fenti da ya goge ba komai ba ne, amma rami ko zaren da ya tashi ya isa a bar ta, kuma kada ka bi wurin da yatsa tsirara, sartsensa yana da wuyar fita. Ka lanƙwasa ta a hankali kusa da kunne, in ka ji ƙas-ƙas ta tsage a ciki. Ka auna tsawonta, ka duba ƙarƙashin mariƙi ko an yi mata ƙari. Wadda ka saya kuma kada ta yini a but ɗin mota daga Maris zuwa Mayu: waje na haura digiri 40, cikin but ya fi haka nesa, gam ɗin wuya yana raunana, mariƙi ya bushe ya yi santsi. In ka ga zoben roba ya ja baya ya bar tazara, ko kan yana ɗan motsi in ka murɗa shi da hannu, ka ajiye sandar sai an sake manne ta.